Yadda Ake Gano Matsalar Direban Katin Sadarwa a Tsarin Linux

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan sa wa kwamfutarsa tsarin Linux, ya jona waya, amma intanet ta ƙi samuwa. Nan take sai ya yanke hukunci cewa kati ya lalace, ya kashe kuɗin abincinsa wajen sayen wani, alhali katin lafiyarsa ƙalau. Wannan darasi zai kawo matakan da ake bi kafin a ɗora wa kati laifi.

Ma'anar kalmomi

Kanel shi ne jigon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Na Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Katin sadarwa shi ne ɓangaren da ke haɗa kwamfuta da sauran kwamfutoci. Shi kuwa direba ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin kanel da katin. In babu tafintan, ko kuma an kawo wanda bai dace ba, to, magana ba za ta wuce ba.

Matakan bincike

Na farko, a tabbatar kwamfuta tana ganin katin. A rubuta lspci -nnk. Wannan umarni zai nuna sunan katin, da lambarsa, da direban da ke riƙe da shi. Lambar 8086 ta kamfanin Intel ce, 10ec kuma ta Realtek. Idan katin bai fito ba sam, ba direba ne da laifi ba. Sai a duba ko an kashe shi a BIOS, ko bai zauna daidai a raminsa ba.

Na biyu, a rubuta ip link. Idan direba ya kama aiki, za a ga suna irin su eth0 ko enp3s0. In an ga sunan tare da NO-CARRIER, a fara zargin waya ko na'urar da aka jona a ɗaya ƙarshen. In kuwa kati ya fito a mataki na farko amma bai fito a nan ba, matsalar tana wajen direba.

Na uku, a karanta rahoton kanel da umarnin dmesg, a nemi layukan da ke ɗauke da sunan direban. Wasu katuna suna buƙatar wata ƙaramar manhaja da ake loda musu yayin tashi. In an ga ƙorafin rashinta, a Ubuntu sai a sa kunshin linux-firmware.

Na huɗu, a sauke direban a sake ɗora shi. Misali, modprobe -r r8169, sannan modprobe r8169. Katunan Realtek samfurin RTL8168 suna da direba biyu: r8169 na cikin kanel, da r8168 na kamfanin. Wanda ya zaɓi na kamfanin sai ya hana ɗayan tashi ta hanyar rubuta sunansa a wani fayil cikin /etc/modprobe.d.

Na biyar, idan matsalar ta ɓullo ne bayan sabunta tsari, a sake kunna kwamfuta, a zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB. In kati ya yi aiki, an gano cewa sabon kanel ne ya zo da aibin.

Wani darasi daga 2008

A shekarar 2008, masu gwajin kanel 2.6.27 kafin fitowarsa sun ga wasu katunan Intel masu direban e1000e sun daina aiki, ko da an koma tsohon kanel. An fara zargin direban. Daga baya aka gano cewa ftrace, wani sashe na bin diddigin aikin kanel, shi ne yake rubutu a kan ma'ajiyar katin yana ɓata ta. An kashe wannan ɓangare a fitowar 2.6.27.1. Wato ba kullum ne inda ciwo ya bayyana yake zama tushensa ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta sakamakonsa a takarda. Haka kuma, kada a sa kanel na gwaji a kwamfutar da kundin digiri yake ciki. Allah ya sa mu dace.