Ta Ina Kuɗi Ke Bi A Wayar Hannu?

A shekarar 2007 kamfanin Safaricom na ƙasar Kenya ya ƙaddamar da tsarin M-Pesa, wanda ya ba ma'aikaci a Nairobi damar aika wa mahaifiyarsa kuɗi a ƙauye ta wayar hannu. To, ta ina kuɗin ke bi? Haƙiƙa ko sisi ba ya motsawa. Saƙo ne ke isa ga babbar kwamfuta, ita kuwa ta rage adadin daga asusun mai aikawa, ta ƙara a na mai karɓa cikin daƙiƙoƙi. Sai dai kwamfutar ba ta san fuska ba, lambar sirri take nema. Duk wanda ya riƙe wayar kuma ya san lambar, ko da ɓarawo ne, a wurinta shi ne mai asusun.