Amsoshin Tambayoyinku: Shaguna Sun Cinye Ƙofar Gida, Ina Mai Ƙafa Zai Bi?

Tambaya: Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Layinmu a da gidaje ne zalla, yanzu kusan kowa ya fasa zaure ya yi shago. Akwai mai walda, akwai injin markaɗe, ga masu tireda sun turo rumfa har kan kwata. Yaranmu a tsakiyar titi suke bi zuwa makaranta, suna gogayya da 'yan acaɓa. Shin babu dokar da ta raba unguwar zama da wurin kasuwanci, kamar yadda ake gani a GRA? Ni ma kuma ina da niyyar fitar da shago biyu a jikin gidana.

Amsa: Malam, tambayarka biyu ce a ƙunshe, kuma na ji daɗi da ba ka ɓoye ta biyun ba, domin mafi yawan masu kuka da shagon maƙwabci suna da nasu a zuciya.

Doka kam akwai ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ya sa takardar mallakar fili take ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa: gidan zama ne, ko kasuwanci, ko masana'anta. A 1992 aka yi dokar tsara birane ta ƙasa, wadda ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a sauya amfaninsa. A Jihar Kaduna hukumar KASUPDA ke duba zanen gini ta ba da izini, KADGIS kuma ke riƙe da takardun filaye. Saboda haka mai fasa zaure ya yi shago ba tare da izini ba ya taka doka, ko da duk layin sun riga shi. Yawan masu laifi ba ya hana jan fenti a bango.

Sai dai ban yarda da kai ba cewa maganin shi ne a mai da Tudun Wada kamar GRA. Ka san asalin waccan rabuwar? Bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Turawa suka yanka garin gida-gida: birni na Zage-zagi, Sabon Gari na baƙin da suka zo daga kudu, Tudun Wada na baƙi 'yan arewa, su kuma suka keɓe wa kansu unguwa can gefe, wato GRA. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, da ƙa'idojin da suka biyo ta, sun bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin Bature da ɗan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. Tsari ne na nisanta mutane da juna. Wanda ke zaune a irin wannan unguwa, ko ashana zai saya sai ya tada mota.

A Amurka ma an bi wannan hanya. Birnin New York ya kafa dokar raba shiyyoyi a 1916, kotun ƙolin ƙasar ta halatta irin wannan doka a 1926, daga nan aka yi ta gina unguwannin da babu shago ko ɗaya a cikinsu. Wata marubuciya, Jane Jacobs, ta fito a 1961 ta yi musu raddi: titin da ke da shaguna da gidaje a cakuɗe ya fi tsaro, domin kullum akwai ido a kansa. Mu wannan ba sabon ilmi ba ne. Duk wanda ya taɓa dawowa gida da dare ya tarar da fitilar mai shayi a bakin layi ya san bambancinsa da layin da ya mutu tun bayan isha'i. Yau masu tsara birane a can suna ta kashe kuɗi don su dawo da abin da Tudun Wada ke da shi a kyauta.

Kuma Tudun Wada ba ta taɓa zama unguwar kwana kawai ba. Kamfanin Gaskiya yana wannan yanki tun 1945, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kasuwa, ga tsohon asibitin koyarwa da ya ja jama'a shekara da shekaru kafin a koma Shika a 2005. Ɗalibi da majinyaci da ɗan kasuwa duk suna buƙatar kemis da tela da mai abinci kusa da su.

Abin da ya kamata doka ta bambance shi ne sana'ar da ke cutar da maƙwabci da wadda ba ta cutarwa. Kakanninmu sun san wannan: marina da majema ana ware musu wuri saboda wari da ruwan datti, amma maɗinkin hula da malamin allo a zaure suke aikinsu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi dogon bayani a kan hayaƙi da ƙara da wari tsakanin maƙwabta, bisa ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa. Japan ma kusan haka take yi: tana da rukunin shiyyoyi 13, kuma ko a shiyyar da aka fi tsaurara wa, an yarda da ƙaramin shago a jikin gida. To, tela da mai tireda su zauna a layinku. Mai walda da tartsatsinsa, da mai ɗura gas na girki, da injin da ke kwana yana ruri, su ne kake da hujjar kai ƙara a kansu, ka fara da mai unguwa kafin ka je ofis.

Yanzu ga inda ciwon yake, wato maganar yaranku. Ba shago ne ya tura su tsakiyar titi ba, rumfar da ta wuce iyakar fuloti ce, da matattakalar da aka gina a kan kwata, da janareta da allon talla da motar da aka ajiye a gefen hanya. Kowa ya ci taku biyu, sai hanya ta ƙare. Hadisi ya zo cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a bar mata kamu bakwai, tun lokacin da raƙumi ne babban abin hawa. Masana a yau suna neman a bar wa mai ƙafa wajen mita 2 da babu komai a kai, yadda mai keken guragu da mace mai goyo za su wuce juna. A titunanmu sau da yawa wannan filin yana nan, shi ne saman kwata. A rufe ta da murfin kankare mai kyau, an samu hanyar ƙafa, an kuma rage sharar da ke toshe ta da damina.

Sai gudu. Mutumin da mota ta buge tana tafiyar kilomita 30 a awa, galibi yakan rayu. Da gudun ya haura 50, haɗarin mutuwa ya ninka sau da dama. Dalili ke nan da taron ministocin duniya a Sitokholm ya nemi a 2020 a tsaida gudu a kan kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Faɗaɗa titi a cikin unguwa, wanda mukan yi wa tafi, yakan ƙara wa direba ƙwarin gwiwar taka mota ne. Tudun rage gudu a gaban makaranta, fitila, da 'yan itatuwan dogon yaro sun fi amfani ga ɗan firamare.

Ban goyi bayan a kori masu tebur da bulala ba, gobe za su dawo, domin abinci suke nema. A ja musu layi a ƙasa, a ce daga nan zuwa nan naku ne, sauran na masu wucewa.

Game da shagunanka biyu, Malam: ka duba abin da takardar filinka ta ce, ka nemi izinin sauya amfani kafin ka taɓa bango, ka sa ƙofar da rumfar su tsaya cikin iyakarka, kuma ka rubuta a yarjejeniyar haya irin sana'ar da ba ka yarda da ita ba. Idan ka yi haka, ka fitar da shagonka, kana da bakin yi wa maƙwabta magana.