Cin Kyanwa da Shanta

Kai manomin ƙasar Rano ko Kibiya, ka san aikin kyanwa. Ita ce mai gadin rumbu, gama in babu ita, ɓera sai ya raba dawa da gyaɗa da kai. Amma kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ta kwarmato kamar akuya. Sai ka lura da cinta da shanta kana ka gane halin da take ciki.

Asalinta kyanwar daji ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, saboda haka ba ta cika sha ba. Ɓeran da take ci ma, wajen kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Kyanwa mai nauyin kilo 4, kamar cikin kofin shayi guda ya ishe ta a yini, har da na cikin abinci. Da bazara takan ƙara kaɗan, wannan ba kome. Amma in ka ga ta tare a gindin randa kwana da kwanaki, tana ta sha, tana yawan fitsari, to, da magana. In tsohuwa ce, galibi ƙoda ce ta gaji, ta kāsa riƙe ruwa a jiki. Wani sa'i kuwa ciwon sukari ne, irin na mutane. Kada ka hana ta ruwa wai don ta rage fitsari, yin haka ajalinta kake matsowa da shi.

Wadda take ci da yawa tana ramewa, a fara zaton tsutsar ciki. Wadda ta ƙi abinci kuwa, kada a wuce kwana 2 ba a kai ta wurin likitan dabbobi ba, tun ba mai ƙiba ba, domin yunwa takan ɓata mata hanta. Ka tambayi maƙwabta ko wani ya zuba maganin ɓera. Kada kuwa ka ba ta farasitamol. Mutane da yawa sukan yi haka don tausayi, alhali ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta.

Saura abu guda. In ta bar ci, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, kada ka sa hannu a bakinta, ka kuma janye yara. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti ran nan, kada ya bari sai gobe.