Yadda Ake Gane Tefa da Zaɓen Kuben da Ya Dace da Injin Feƙe Ƙarfe

Injin feƙe ƙarfe yana riƙe mahuji da sauran kayan aiki ne ta wata dabara mai sauƙi. Gindin kayan aikin yana da kauri a sama, yana sirancewa a hankali zuwa ƙasa, ramin da ke jikin injin kuma an yi shi da irin wannan sirancewa. Wannan ita ce tefa. Idan biyun suka dace, sukan kama juna tamau ba tare da noti ba. Idan kuwa ba su dace ba, mahuji yakan yi rawa, rami ya karkace, wani lokaci ƙarfe ya ƙwace ya ji wa ma'aikaci rauni.

Irin Tefar da Ake Samu

Wadda ta fi yawa ita ce tefar Morse, wadda Stephen Morse na Amurka ya ƙago a 1864. Tana da lamba daga 0 zuwa 7, tana kuma sirancewa da misalin milimita 1 a kowace milimita 20. Ga kaurin bakin ramin waɗanda aka fi amfani da su:

Lamba 1: milimita 12.07
Lamba 2: milimita 17.78
Lamba 3: milimita 23.83
Lamba 4: milimita 31.27

Akwai kuma tefar Brown & Sharpe, mai sirancewa da misalin rabin inci a kowace ƙafa, da tefar Jacobs, gajera, wadda ake ɗaura kan da ke riƙe mahuji a kanta. Abin lura shi ne, Brown & Sharpe lamba 7 ta yi kusa da Morse lamba 2 a kauri, har ido ba ya rarrabe su, amma ɗaya ba ta zama a ramin ɗaya.

Aikin Kube

Idan ramin inji ya fi gindin mahuji girma, sai a sa kube tsakaninsu. Kube yana da lamba biyu, ta waje da ta ciki. Inji mai ramin lamba 3 da mahuji mai gindin lamba 2 suna bukatar kuben da wajensa 3 ne, cikinsa 2. Idan mahujin ne ya fi ramin girma, akwai soket mai ƙarin tsawo, amma yana rage wurin aiki, yana kuma ɗora wa ƙaramin inji nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Kafin a Saya

1. A auna bakin ramin da ma'aunin kauri, a gwada da lambobin da ke sama.
2. A goge ramin da kuben sarai. Ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya hana su zama daidai.
3. A ja layi uku da alli a tsawon kuben, a sa shi cikin ramin, a murza kaɗan da hannu, a fitar. Idan allin ya goge daga sama har ƙasa, sun dace. Idan a gefe ɗaya kaɗai ya goge, a mayar da shi.
4. Kada a haɗa kube biyu ko uku inda ɗaya zai wadatar, domin kowane yana ƙara karkata.

Ana kira ga masu koyar da sana'a da su hana almajiransu dukan kube da guduma don ya shiga. Kuɗin kube kaɗan ne, amma gyaran ramin inji da ya lalace babbar hasara ce ga mai shi.