Rana Kyauta Ce, Batir Kuwa Da Kuɗinsa

Duk ƙauyen da muka je kafa tashar sola, tambayar farko a zauren maigari ɗaya ce: "Injiniya, rana dai ta Allah ce, to kuɗin mene ne za mu riƙa biya?" Nakan ce, ranka ya daɗe, ruwan rijiya ma na Allah ne, amma guga da igiya saye ake yi.

Irin tashar da muke haɗawa duwatsu uku gare ta kamar murhu: faifan sola, batura, da janareta mai shan gas. Faifan ne mai sauƙin sha'ani. Farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma yakan kai shekara 25 muddin ana goge masa ƙura, musamman da hunturu. Batir ne mai cin kuɗi. Na ruwa, a zafin nan namu, da wuya ya wuce shekara biyar. Na litiyam yakan kai goma, sai dai kuɗinsa a tashin farko ba wasa ba.

Janareta kuwa don marka muke ajiye shi. A watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Tara baturan da za su riƙe gari a waɗannan 'yan kwanaki ya fi ƙona gas tsada nesa ba kusa ba. Amma in janaretan ya zama na kullum, an shiga uku, domin litar gas ɗaya yunit uku da 'yan kai take bayarwa, ga kuɗin babur ɗin da zai kawo ta daga gari.

Ke nan wutar da ke bin waya ɗaya farashi uku gare ta. Ta rana ce mafi araha, ta dare sai ta bi ta cikin batir tana rage masa kwana, ta janareta kuma ta fi kowacce tsada.

Wani ƙauye ne ya koya mini wannan darasi. Kafin azahar batura sun cika, faifai na shan rana a banza. Da magariba kuwa kowa ya kunna fanka da talabijin, ga injin niƙa na gurnani, don sai bayan la'asar yara ke kawo hatsin tuwon dare. Kullum sai janareta ya tashi, kuɗin da mita ke tarawa na ƙarewa a gas. Muka zauna da mai niƙa da shugabar mata, muka rage farashin wutar rana, niƙa ya koma da hantsi. Mai walda ya bi sahu, mai ƙanƙara ya riƙa kunna firjinsa tun da safe. Ba mu ƙara faifai ko ɗaya ba, amma sai janaretan ya yi mako bai yi tari ba.

Tallafi akwai shi. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, na aiki da Bankin Duniya, wanda a ƙarshen 2023 ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ayyuka. Sai dai tallafi wajen gini yake taimakawa. Ranar da batir ya mutu, abin da gari ya tara ne zai sauya shi. Na sha ganin tashar da aka ƙaddamar da kiɗa, bayan 'yan shekaru faifanta suka zama inuwar awaki, saboda an ce wuta kyauta ce.

Don haka in kamfani ya zo garinku, dokar hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta tanadi yarjejeniya tsakaninku, har da batun farashi. Kafin maigari ya sa hannu, ku tambaya: wane irin batir ne, kuma wa zai sauya shi? Akwai rangwamen wutar rana? Za a taimaka wa masu sana'a su sami injina masu aiki da lantarki, biya kaɗan-kaɗan? Ku kuma gwada farashin da abin da kuke kashewa a fetur, caji da batirin tocila, musamman tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

In an amsa muku waɗannan, sauran aikin naku ne: ku kai niƙa da hantsi.