Rediyo da 'Yan Makaranta Wajen Tattara Tarihin Gari: Misali Daga Karaye da Rogo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda gidan rediyo na al'umma zai haɗa gwiwa da 'yan makaranta don tattara tarihin garuruwa da unguwanni daga bakin tsofaffi. An ɗauki ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, don ta zama misali. Abin da ake nufi da rediyon al'umma shi ne ƙaramin gidan rediyo wanda jama'ar wuri suka mallaka, suke gudanar da shi da harshensu, ba don neman riba ba. Irin wannan rediyo bai daɗe da samun gindin zama a Nijeriya ba, don sai a 2015 Gwamnatin Tarayya ta amince da lasisi 17 na farko. Darasin tarihi kuwa an cire shi daga manhajar ƙananan makarantu a 2009, sai a watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin mayar da shi. Ke nan akwai yaran da suka shiga firamare suka fita ba a taɓa tambayarsu wanda ya kafa garinsu ba.

Abin da Aka Rubuta da Abin da Aka Bari

Karaye tsohon gari ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambace ta tun a zamanin Sarki Yusa, wanda ake yi wa laƙabi da Tsaraki (1136 zuwa 1194). Sai dai ambaton na yaƙi ne, watau yadda Sarkin Kano ya kai mata hari. Haka galibin rubutaccen tarihi yake: sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da shekarun mulki. Ba ya faɗin wanda ya gina rijiyar unguwa, ko inda marina take, ko dalilin da ya sa kasuwa ta tashi daga wannan wuri ta koma wancan.

Abin sha'awa shi ne, a wannan yanki ne aka sami ɗaya daga cikin fitattun misalai na ɗaya nau'in tarihin, wato na talakawa. Baba, wadda duniya ta sani da Baba ta Karo, ta tashi ne a Karo kusa da Zarewa, garin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Ta rayu daga wajen 1877 zuwa 1951. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Aka buga shi da Ingilishi a Landan a 1954. A ciki ta bayyana zaman rinji da bayi, da mahara masu kama mutane, da yadda ake fansar wanda aka kama da kuɗin wuri, da aure, da ƙawance, da bori, da zuwan Turawa. Baba ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma yi karatun boko ba, ungozoma ce. Duk da haka, da wuya a sami mai nazarin al'adun Hausawa da bai leƙa littafinta ba.

Akwai abin lura a nan. Mijin Mary Smith ne ya zo bincike, amma ba shi ya sami wannan labari ba, domin namiji baligi ba ya wuce zaure. Mace ce ta sami shiga. Ɗan gajeren lokaci kacal aka yi ana wannan zama, kuma bayansa da shekara ɗaya da 'yan watanni Baba ta rasu. Da an yi jinkiri kaɗan, da ta tafi da abinta.

Dalilin Zaɓen Yara

A al'adar Bahaushe, bayan mace, babu mai shiga gida kai tsaye sai yaro. "Ba shiga" bai shafe shi ba. Shi ne ɗan aike, shi ne mai talla, shi ya san kowane lungu. Daɗin daɗawa, akwai wasa tsakanin jika da kaka. Uwa takan ji kunyar ɗanta na fari har ta ƙi faɗin sunansa, uba kuma ba a zama ana yi masa tambayar ƙwaƙwaf. Amma jika yakan kira kakarsa "matata", jikanya ta kira kakanta "mijina", a yi ta ba'a. Tambayar da ɗa ba zai iya yi wa mahaifinsa ba, jika zai yi wa kakansa ita ana dariya, a kuma ba shi amsa. Mai bincike daga jami'a sai ya kwana nawa yana gaisuwa kafin ya sami abin da jika zai samu a dare ɗaya.

To, me rediyo zai ƙara? Abu na farko, murya. Rubutu yakan zubar da karin harshe, da kirari, da yadda tsohuwa ke jan magana. Na biyu, gyara. Idan aka saka hira aka ce Barebari ne suka kafa unguwa kaza, washegari sai wani dattijo ya aiko ya ce a'a, sun tarar da maƙera a wurin. Littafi ba ya samun irin wannan raddi da wuri.

Ba sabon abu ba ne. A Jamhuriyar Nijar an kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo tun 1962, kuma yawancin masu jagorantarsu malaman makaranta ne. Jama'a kan taru su saurari shiri, su tattauna, jagora ya ɗauki maganarsu a rikoda ya aika Yamai, a haɗa sabon shiri da ita. A Amurka ma, a 1966, ɗaliban wata makaranta a Rabun Gap ta Jihar Jojiya sun fara hira da tsofaffin yankinsu, abin da ya haifar da mujallar Foxfire. Yau aikin ya fi sauƙi, tun da wayar hannu ta maye gurbin rikoda da kaset.

Inda Ya Kamata a Fara

A ƙasar Karaye, abin da ya fi gaggawa shi ne labarin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gina tsakanin 1990 da 1992. Tsawonta ya kai kilomita 7.8, kuma ruwanta ya mamaye gonaki da matsugunan jama'a. Kufai na tudu ana iya zuwa a ga tsohuwar kuka da tushen katanga. Kufan da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba ya nan sai a cikin kan waɗanda suka zauna a cikinsa. Wanda yake magidanci ɗan shekara arba'in a lokacin, yau ya haura saba'in. Ya kamata kowane ɗalibi ya tambayo sunan tsohon wurin, da unguwanninsa, da inda maƙabarta take, da wanda ya koma ina. Malami sai ya sa a zana taswira a allo daga amsoshin.

Matsalar shekaru ma tana da magani. Tsoho ba ya cewa "a 1953". Cewa zai yi shekarar da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu. Saboda haka sai malami ya ba yara jerin abubuwan da aka san lokacinsu, su riƙa aunawa da su: zuwan Turawa Kano a 1903, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, samun mulkin kai a 1960, ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Biyun farko sai dai a ji su daga wanda ya ji daga iyayensa, kuma wajibi ne yaro ya koyi tambayar, "Kin gani da idonki, ko faɗa miki aka yi?"

Wuraren Taka Tsantsan

Ba duk abin da aka faɗa a ɗaki ake kai shi kasuwa ba, rediyo kuwa ya fi kasuwa taro. Baba ta yi maganar bayi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma da baƙuwa take magana, aka kuma buga littafin a wata ƙasa da wani harshe. Idan aka ambaci gidan da asalinsa rinji ne a rediyon gari, ana iya fasa auren da aka riga aka sa wa rana. Haka batun iyakar gona.

Sai kuma sarauta. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli na shekarar aka sake kafa ta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. A irin wannan yanayi, jerin sunayen sarakuna kan zama hujjar neman gado, kuma bai dace a sa yara a tsakiyar wannan ba. Gara su tsaya kan kasuwa, da sana'a, da rijiya, da wasanni, da ƙaura. Kafin a saka kowace hira, a mayar wa mai maganar ya saurara ya yarda, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Asalin muryar kuma kada a yanke shi: a ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a gidan rediyo, ɗauke da sunan garin, da ranar hirar, da ajin da ya ɗauko ta.