Inda Kuɗin Gyaran Hilux Ya Kamata Su Fara Shiga

Idan aljihunka bai da nauyi amma kana son Hilux ɗinka ta ƙara kuzari, fara da tayoyi. Tayoyi nagari masu jure burji da yashi sun fi duk wani ƙarfen ado amfani. Sai dai kada ka zarce girman da kamfani ya tsara, domin babbar taya tana shan mai, tana kuma wahalar da giya da birki.

Daga nan sai shakazoba da birki, musamman ga mai lodin buhunan hatsi. Da hunturu riƙa canza filtar iska, ƙura na shaƙe inji. Kwamfutar injin kuwa, kada kowa ya taɓa ta sai ƙwararren makaniki, kuskure kaɗan na iya lalata injin dizal.